Jeren Gwaggo: Kwana Huɗu a Mafara, Bakura da Maradun

Uwargida, kafin ki ci gaba da karatu ina da roƙo guda. Idan akwai tsohuwar langa ko fanteka a gidanku, irin wadda aka tura ƙarƙashin gado ko aka mayar mazubin dusar kaji, ki aiki yaro ya ɗauko miki ita. Ki kife ta, ki goge ƙasanta da tsumma, ki duba tambarin da ke wurin. Ni sai da na haura shekara arba'in kafin na taɓa yin haka, kuma sai da na yi tattaki tun daga Kaduna har Talata Mafara.

Gwaggona ce ta ja ni. Ta kira ni da wayar jikanta ranar wata Asabar, bayan mun gaisa ta ce ta yanke shawarar sayar da jerenta. Za a aurar da jikarta bayan kaka. Uban yarinyar damina biyu ke nan bai taka gonarsa ta daji ba saboda abin da kowa ya sani, ga kuma gado da katifa da kujeru suna jiran kuɗi. Mai gwangwan ya riga ya leƙo, ya ce zai ɗora kayan a sikeli ya biya. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki dakata mini zuwa Litinin." Ta ce, "Mi za ki yi da tsohon ƙarhe, ɗiyata?" Ba ni da amsa a lokacin. Na dai haɗa jaka.

A Gusau na kwana, don yanzu ba mai hankalin da ke bin wannan hanya da yamma. Da hantsi muka tashi, muka wuce Bunguɗu, muka wuce Maru, shinge bayan shinge na jami'an tsaro. Idan kin saba da motar haya ta Kano zuwa Zariya inda ake gardamar siyasa tun daga tasha, shirun motar nan zai ba ki mamaki. Kowa idonsa na kan titi, direba kuma yana lura da motocin da ke tahowa: muddin suna fitowa, hanya lafiya. Sai da muka fara hango shinkafa kore shar a filayen da ruwan Bakolori ke shayarwa sannan wata mata a bayana ta kwance ƙullin gyaɗa ta miƙa wa kowa.

Ɗakin Gwaggo yana nan yadda na san shi ina yarinya, illa dai ni ce na girma. Gadon ƙarfe mai rumfa a hagu. A dama, tun daga kusa da ƙasa har kusa da rufi, katako ne hawa-hawa, a kansa jeren. Manyan kwalla a ƙasa, sai fanteka, sai langa, sai samira 'yan uwa ɗaya daga babba zuwa auta, can sama kuma ƙananan kumbo. Farantai a jingine da bango suna kallon mai shigowa. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar kafa, amma da ta ɗaga labule hasken rana ya faɗa kan kwanukan nan, sai ka ce an kunna fitila. Ja, ruwan ƙwai, shuɗi, kore, duk a kan fari.

Muna yara an hana mu taɓa su, don haka ban taɓa tsayawa na kalli zanen ba. Ran nan na ja tabarma na zauna. Akwai mai manyan furanni uku da ganye biyu-biyu a tsakani. Akwai mai tauraro a tsakiyar murfi, tsinkayensa suna bazuwa har baki. Akwai mai kifi biyu suna bin wutsiyar juna, akwai mai zakara, akwai mai ɗawisu. Wasu ba fure ba dabba, layuka ne kawai masu lanƙwasa da ɗigo-ɗigo, ja na bin shuɗi, irin zanen da za ki gani a atamfar da iyayenmu suka ɗauki hoto da ita. Wani abin da na lura da shi, gefen kowane fure ba shi da kaifi. Launin yana dusashewa a hankali kamar hayaƙi. Dalilin shi ne ba da buroshi aka zana su ba. Ana yanka siffar furen a jikin wani falle, a ɗora shi kan kwanon, a fesa launi ta cikin hujin. Kowane launi da nasa fallen. Shi ya sa idan kin ɗauki langa biyu masu zane ɗaya kika haɗa, za ki ga a ɗaya ganyen ya ɗan hau kan furen, a ɗayar kuma ya bar rata. Hannun ma'aikacin ne ya goce.

Kuma abin da muke kira fenti a jikinsu ba fenti ba ne. Gilashi ne. Ana buga kwanon daga fallen ƙarfe, a shafe shi da garin gilashi da aka dama, a sa shi a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 800 har garin ya narke ya manne. Abin da ya sa launin bai kwanta ba ke nan bayan shekara sittin, kuma abin da ya sa idan kwanon ya faɗi yake ɓantarewa, baƙin ƙarfe ya leƙo.

Gwaggo ta san tarihin kowanne. Wannan mahaifiyarta ce ta saya da kuɗin kaɗi, wato zaren da ta yi ta murzawa da mazari. Wancan gudummawar ƙawar mahaifiyarta ce, kuma Gwaggo ta rama bikin shekara ashirin bayan haka da langa biyu. Waɗancan samira ita ta saya wa kanta da kuɗin ƙuli-ƙuli, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara uku. Ta nuna wani gurbi a hawa na biyu ta ce a nan wata babbar fanteka take, an sayar da ita shekarar da babban ɗanta ya kwanta asibiti a Sakkwato. Kin ga ashe jere ba ado ne kaɗai ba. Asusun mace ne wanda miji ba ya sa hannu a ciki, kuma littafin biki ne: wa ya ba ki, wa kike bi, wa ke bin ki. Ba mu kaɗai ba ne ma. Wata Bajamushiya mai bincike, Editha Platte, ta yi rubutu a kan ɗakunan matan Barebari a Borno, inda kwanukan nan suke riƙe da irin wannan matsayi.

Sai na fara kife su. Tsofaffin ciki, na mahaifiyar Gwaggo, biyu suna ɗauke da sunan Cekoslobakiya. Na yi dariya ni kaɗai, don ƙasar nan babu ita a taswira tun 1 ga Janairun 1993 da ta rabe biyu, amma ga ta zaune daram a ɗakin tsohuwa a Mafara. Mafi yawansu Hong Kong ne. Na baya-bayan nan kuma Najeriya.

Wannan jerin sunaye uku labari ne guda. A ƙarshen shekarun 1940, da juyin juya hali ya zo ƙasar Sin, masu masana'antu da yawa daga Shanghai suka koma Hong Kong da injinansu, cikinsu har da masu yin irin waɗannan kwanuka. Afirka ta Yamma ta zama babbar kasuwarsu, musamman Najeriya. Da aka zo samun 'yancin kai, gwamnati ta ɗora haraji a kan kayan da ake shigowa da su don a riƙa yin su a gida, sai masu kamfanonin suka biyo kasuwarsu. An kafa Nigerian Enamelware a Ikeja a 1960, a Kano ma aka yi Northern Enamelware. Irin hanyar da atamfa ta bi ke nan: masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ita ma mutanen Hong Kong ne, kuma masaƙar Zamfara Textiles ta Gusau ta kasance a ƙarƙashinta. Wato zanin da ke jikin amaryar wancan zamani da langar da ke jerenta kusan 'yan gida ɗaya ne. Abin da ya fi burge ni shi ne, masu zanen nan suna can wata duniya, amma idon matanmu suke bi. Abin da bai karɓu a kasuwar Kano da Gusau ba, ba a sake buga shi.

Washegari Talata, ranar da garin ya samo sunansa. Idan ba ki taɓa cin kasuwar Mafara ba, ki ɗauka duk ƙauyukan yankin ne suka juye wuri guda: buhunan shinkafa, dankali, albasa, rake, dabbobi, masu fura da nono, masu hoce. Na bi layin 'yan kwanuka ina neman langa. Roba ce tuli, sai silba, sai kuloli masu zanen zinariya, sai akwatunan tangaran da aka rubuta adadin guda nawa ne a ciki. Sai can ƙarshen layi na sami wani dattijo da 'yan langa kamar goma a gefen rumfarsa. Na ɗaga ɗaya, na ji ta sakayau kamar gwangwanin madara.

"Baba, ina masu nauyin?"

"Hajiya, masu nauyi suna ɗakunan tsohi. Wanga na yanzu, Fulanin daji da masu awon gara ka sayen shi."

Ya ce ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, wanda ke zuwa Kano sari tun ana lissafi da fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Ya ce bai taɓa ganin ciniki irin na shekarun da ake gina madatsar Bakolori ba. Ma'aikata na karɓar albashi, kowa na son aure, mota guda ta kwanuka ba ta kai Talata biyu. Na tambaye shi mafi munin lokaci, bai yi dogon tunani ba: 2021, sa'ad da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga. A shekarar ce aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, nan cikin ƙaramar hukumar Mafara. Ya ce a watannin nan ba masu saye ne ke zuwa ƙofar gidansa ba, masu sayarwa ne. Mata da kwalla a ka, a lulluɓe da zane don kada maƙwabta su gane.

A nan zan faɗa miki abin da ya tsaya mini a rai. Mai gwangwan ba mugu ba ne, sana'arsa yake yi, amma shi nauyi yake saye. Langa mai kifi da bakin gatari duk ɗaya ne a sikelinsa. Wasu ma ba kuɗi suke bayarwa ba, musaya ce: ki ba da fantekar kakarki, a miƙo miki bahon roba da zai tsage kafin Sallah. Alhali a Turai irin kayan nan na shekarun 1950 da 1960 nemansu ake yi ruwa a jallo. Akwai kwanukan wani kamfanin ƙasar Nowe, Cathrineholm, masu zanen ganye a jere, ƙarfe da gilashi ne sak irin namu, masu tara kayan da suna rububinsu a intanet. A Ingila akwai wasu farantai masu baƙi da fari da ake kira Homemaker, zanen wata mata Enid Seeney, da aka riƙa sayar wa talakawa da araha a kantunan Woolworths; yau suna gidajen tarihi. Ban ce ki ɗauka akwai miliyoyi a ƙarƙashin gadonki ba, babu. Cewa na yi su sun san ranar da kayan kakanninsu suka tashi daga tsohon tarkace suka zama tarihi, mu kuwa muna tsakiyar wannan ranar muna auna namu a kilo.

Ranar Laraba na tafi Bakura gaishe da yayar mahaifiyata. Daga babban titin Sakkwato ake ratsewa a Lambar Bakura. Garin Sarkin Burmi ne, garin noma, kuma shiru gare shi idan aka kwatanta da hayaniyar Mafara. Tun a zauren gidan na tsaya. Tsohon gini ne na ƙasa mai baka, kuma can sama daidai inda bakunan suka haɗu, magini ya dasa faranti mai jan fure. Na shiga zauren nan ya fi sau ɗari ina yarinya, ban taɓa ɗaga kai ba. Tsofaffin magina a ƙasar Hausa sun daɗe suna yin haka, su ƙawata tsakiyar rufi da tasa ko faranti, ashe har maza sun ci moriyar jere.

Ita Hajiya nata tarin daban ne. Ba ta damu da furanni ba, garuruwa take tarawa. A cikin kabad ɗinta mai gilashi akwai tire guda biyar, kuma babu wanda aka taɓa ɗora ko kofin shayi a kansa. Biyu na Makka ne, biyu na Madina da koriyar ƙubbar nan, ɗaya kuma mai launin tutar Najeriya da 1960 a rubuce. Ga 'yan ƙananan kofunan shan zamzam, ga butar shayi mai dogon baki. Mafi tsufa a cikin na Makka mahaifinta ne ya kawo, na biyun ita ta sayo da kanta da ta sauke farali. Ta ce in fito da su in haɗa su gefe da gefe. A na farkon, Ka'aba ce a tsakiya, masallacin bai yi faɗi ba, duwatsu da ƙananan gidaje suna leƙowa ta baya. A na biyun masallacin ya buɗe, hasumiyoyi sun ƙaru. Sai jikarta ta zaro waya ta nuno mana Makkan yau da doguwar hasumiyar agogon nan a kanta. Makka uku a kan tabarma ɗaya.

Kin san yanzu 'yan boko masu yawon duniya suna tara kofunan Starbucks masu sunayen birane, wannan na Dubai, wancan na Landan, a jera a falo don baƙo ya san an fita. To iyayenmu sun riga su, sai dai su birni biyu ne kawai suka isa a sa su a gilashi. Kuma tiren Makka ba ya nufin mai ɗakin ta je. Sau da yawa yana nufin wani da ya je ya tuna da ita a cikin dubban mutane, ya ɗauko abu mai nauyi ya sa a kayansa saboda ita. Na tuna tsarabar da ni na rabar da na dawo Umara: dabino, carbi, da turaren da ya ƙare cikin wata guda. Babu abin da jikar kowa za ta fito da shi ta nuna.

A Bakura ne kuma aka yi mini gyara. Ina ta yabon zamanin da, sai Hajiya ta katse ni. Ta ce kada in manta gasar jere ta sa iyaye mata kuka. Ranar jere 'yan uwan ango da maƙwabta na shigowa suna ƙirga hawa da ido, a fita ana cewa ɗiyar wance hawa uku kacal aka yi mata. Akwai uwar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, akwai wadda ta yi aron kwanuka aka mayar bayan kwana bakwai a ɓoye. Wato abin da muke yi yau da kujeru da kabad ɗin kicin da saitin tangaran na mutum ashirin da huɗu a ɗakin da mutum biyu za su zauna, ba mu muka fara ba. Kayan ne suka sauya. Ta kuma ce kula ta fi langa riƙe zafin tuwo, wannan ko maƙiyin kula ya sani. Na yarda da ita a duka biyun.

Tunda ke uwa ce, ga wani abu da ya fi tarihin muhimmanci. Launukan da ake sa wa irin waɗannan tsofaffin kwanuka, musamman ja da ruwan ƙwai da ruwan lemo masu haske, a wancan zamani akan haɗa wasunsu da dalma ko wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam. Abu mai tsami yana iya jawo su cikin abinci, ballantana idan kwanon ya ɓantare. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba. Mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010, ko da yake wancan daga dutsen zinariya ne ba daga kwano ba. Don haka kada ki jiƙa tsamiya a tsohuwar langa mai launi a ciki, kada ki zuba zoɓo ko miyar sure ko nono ki bari ya kwana, kada kuma ki mayar da wadda ta ɓantare kwanon cin yaro. Ki ajiye zare da allura a ciki, ko turaren wuta a ƙulle, ko ki bar ta kawai ta yi abin da aka fi saninta da shi, wato ta zauna a sama tana kyau. Wajen wanki ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi sun isa. Soson ƙarfe yana kashe ƙyallin. Ki shanya ta bushe sarai, ki ɗan shafa man gyaɗa a inda ƙarfe ya fito don tsatsa, idan kuma za ki ɗora wata a cikin wata ki sa tsumma a tsakani.

Maradun na bari ƙarshe, kuma sai da aka yi shawara a gida kafin a bar ni. Ɗan Gwaggo ya raka ni, da sharaɗin mu juyo kafin la'asar. Direban ya sa waƙar Musa Ɗanƙwairo a wayarsa, abin ya yi daidai, don a Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi, a fadar Sarkin Kayan Maradun kuma ya yi suna, har ya rasu a 1991 ana kiran sa Ɗanƙwairon Maradun. Tafkin Bakolori yana nan shimfiɗe, faɗinsa ya fi yadda hoto ke nunawa, masunta a cikin kwalekwale kamar babu abin da ke faruwa a duniya. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978. Ƙarƙashin ruwan nan akwai gonaki da kufan gidajen mutanen da aka tasa. A watan Afrilun 1980 manoman da suka tare hanya suna neman diyya suka gamu da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane. Adadin da hukuma ta faɗa da wanda mutanen yankin ke faɗa har yau ba su haɗu ba.

Aminiyar Gwaggo na je gani, tare suka yi 'yan matanci. Na same ta a ɗaki guda da aka ba ta aro a gidan wani ɗan uwa cikin gari. Tabarma, buta, ƙullin kaya a lungu. Bango fayau.

Sau biyu ta yi ƙaura a rayuwarta. Na farko ruwa ne ya tashe su, tana da goyon fari. Ta ce an ba su lokaci, ta naɗe kowane kwano da tsumma, ta cusa ƙanana cikin manya, aka ɗora wa jakai. "Ko ɗaya bai ɓantare ba," ta faɗa, har yanzu da alfahari a muryarta. A sabon wurin, kafin a gama yaɓen ɗaki ta riga ta san bangon da jere zai hau. Na biyu shekarun baya kaɗan ne, da dare. Tana rufe tuwo ta ji harbi. Ta saɓa jikanta a baya, suka bi cikin dawa, ba su tsaya ba sai da gari ya waye.

"Sai da munka zauna bakin hanya," in ji ta, "sannan na ga abin ga hannuna."

Ta jawo ƙullin kayan ta kwance. Murfin langa ne, mai tauraro ja da shuɗi, irin na Gwaggo sak, don rana ɗaya suka saya a kasuwar Talata. Duk daren tana gudu da shi a hannu ba ta sani ba. Sauran jeren, na mahaifiyarta da nata, ba ta koma ta ga abin da ya same su ba, kuma ta ce ba ta tambaya. Na rasa abin cewa, na yi ta juya murfin. Ita ce ma ta kawar da zancen, ta tambaye ni ko Gwaggo har yanzu tana cin goro kamar da.

A daren na zauna da Gwaggo da amaryar da wayata. Na ɗauki hoton kowane kwano, sama da ƙasa, na kunna naɗar murya na ce ta faɗi na wane ne da yadda aka same shi. Mun kai sha ɗayan dare. Idan akwai abu guda da zan so ki kwaikaya a duk labarin nan, wannan ne, kuma ba ya cin ko kati: tsohuwar da ke gidanku ita kaɗai ta san wace langa ce ta wa. Na tura hotunan zauren 'yan uwa na WhatsApp, na ce ga abin da za a kai sikeli, ga kuma kuɗin gado da katifa da ake nema. Kafin azahar ta Juma'a 'yan Kaduna da Abuja da wata da ke aure a Yamai sun haɗa abin da ya fi na mai gwangwan nesa ba kusa ba, kowa kuma ya zaɓi kwanon da za a ajiye masa. Ban ce mun yi wata bajinta ba. Jeren dai ya watse, a hannun dangi maimakon a tukunyar narka ƙarfe, kuma da mun tuna da Gwaggo tun kafin ta kai ga kiran mai sikeli da ya fi.

Waɗanda suka huje guda shida an ba mai gwangwan. Langa mai tauraro Gwaggo ta cire ta gefe ta ce a kai Maradun, tunda can akwai murfi babu kwano, ita kuma tana da wani murfin da zai hau. Amarya da farko ta ce ita ba ta son ko ɗaya, ƙawayenta za su yi mata dariya. Ba wanda ya matsa mata. Da safe ina haɗa kaya na ga mai kifi biyun ba ta cikin waɗanda aka ware, na duba, sai ga ta a cikin akwatin amarya, a ƙarƙashin atamfofi.

Ni fanteka ɗaya na ɗauko da kumbo biyu, cikinsu har da na ƙasar da babu ita. Da na shiga sallama, Gwaggo na zaune bakin gado tana kallon katakon. Ƙura ta zana da'ira a gurbin kowane kwano. Ta sa jikanta ya ɗora rediyonta a hawa na biyu, ta ce ko ba komai yanzu ta huta da goge-goge.

Ban naɗe nawa da kyau ba. Tun daga Mafara har Maru duk ramin da muka faɗa sai sun yi ƙara a bayan mota, har direban ya waiwayo ya ce, "Hajiya, amarya za a kai Gusau?"